Daga dutsen niƙa zuwa tsibirin Girka: yadda sunan maɗigo ya yi ta sauya riga

A ƙarshen damanar bara wata maƙwabciyata a unguwar Birni ta faɗo mini da hantsi, mayafi a karkace, ko gaisuwar kirki ba ta tsaya mun yi ba. Ƴarta, budurwa da ta haura ashirin, ta kwana uku ba ta je wurin koyon ɗinki ba. Abokan aikinta ne suka laƙaba musu suna ita da ƙawarta, don kullum tare suke tafiya, kwano ɗaya suke ci, ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya kuma ƙawar ta kwana a gidansu.

"Malama, ke da kika yi boko, don Allah mene ne lezbiyan ɗin nan? Shi ne maɗigo, ko wani abu ne dabam?"

Na ce, "Zauna tukuna, Yaya, ki sha ruwa."

Amsar da na ba ta a ranar gajeriya ce: abu ɗaya suke nunawa. Amma bayan ta tafi na ga ban cika mata mudu ba. Kalmomin biyu wuri ɗaya suke nuni, sai dai kayan da kowace ta ɗauko a ka ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya bi sawun sunayen da mutane suka raɗa wa wannan al'amari a harsuna dabam-dabam zai ga cewa tsofaffin sunaye aiki suke ambata, na baya-bayan nan kuma mutum suke ambata. Tsakanin "ta yi kaza" da "ita kaza ce" akwai tafiyar fiye da shekara dubu biyu.

Bari in fara daga zaure, don nan ne ya fi kusa da mu. Duk wanda ya yi nisa a karatun fiƙihu a Garin Malam ko a wani zauren Damagaram ya ci karo da kalmar sihaƙ ko musahaƙa. Tushenta a Larabci ba shi da wata alaƙa da sha'awa: niƙa ne, murje abu tsakanin abu biyu har ya zama gari. Daga tushen nan Larabawa suke kiran garin sabulu ko garin magani mas'huƙ. Ni in na ji kalmar, kakata nake tunawa, durƙushe gaban dutsen niƙa, ɗan dutsen a hannu, tana turawa tana jawowa, gero yana zuba a faifai. Hoton da Larabawa suka ara ke nan, goguwar jiki da jiki, suka mai da shi sunan abin da mace da mace suke yi.

Malaman fiƙihu ba su yi saɓani kan haramcinsa ba. Inda suka tsaya suka yi dogon nazari shi ne hukunci. A Muhtasar na Shehu Halil, littafin Malikiyya na ƙarni na 14 da har yau ake biyawa a zaurukanmu, an ambaci musahaƙa a babin zina, amma don a fitar da ita daga cikinsa: ba zina ba ce, babu haddi a kanta, alƙali ne zai yi ladabtarwa gwargwadon ijtihadinsa. Dalilin a fili yake. An gina ma'anar zina kan shigar gaɓar namiji, a nan kuwa babu wannan. Akwai wani mai tafsiri, Abu Muslim al-Isfahani, da ya tafi kan cewa aya ta 15 a Suratun Nisa'i kan wannan aiki take magana, amma akasarin masu tafsiri sun ce zina ayar take nufi. Abin lura a nan shi ne yadda malaman suka ɗauki al'amarin. Laifi ne da mace za ta iya aikatawa, kamar yadda za ta iya yin ƙarya ko sata, ta tuba ta bari. Ba su buɗe wani babi na wasu irin mata da aka halitta dabam ba.

Likitoci da marubutan adabi na Larabawa sun fi malamai sakin baki. An ruwaito daga al-Kindi, masanin falsafar nan na Bagadaza a ƙarni na 9, cewa wani ƙaiƙayi ne a jiki da ba ya lafawa sai da gogawa, wato shi a wurinsa maganar asibiti ce. Ahmad al-Tifashi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1253, ya ware babi guda kan irin waɗannan mata, ya ce su kansu ba sa amfani da kalmar niƙa, suna kiran junansu zarifai ne, ma'ana masu gayu da iya magana. Har hikaya akwai ta Hindu ƴar Sarki Nu'umanu na Hira da wata mai suna Zarƙa'u, tun kafin Musulunci, wadda ake cewa da Zarƙa'u ta mutu Hindu ta yi watsi da duniya ta tare a gidan ibada. Ke nan tun a wancan zamani suna biyu ne ke yawo, wanda na waje suka raɗa da wanda na ciki suke kiran kansu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Girkawa ma a dutsen nan suka yi niƙa. Kalmarsu tribas daga aikatau take mai nufin gogawa. Rumawa suka are ta, suka kuma ƙera tasu da Latin, fricatrix, ita ma mai gogawa. Sai dai a bakin marubutan Rum, irin su mawaƙin zambo Marshal, tribas ba kowace macen da ta kusanci mace ba ce. Ita ce wadda ta ɗauki matsayin namiji, take ci da sha da motsa jiki irin na maza. Abin da ya dame su ba matan biyu ba ne, ɗayar ce da ta hau kujerar da ba tata ba. Abokiyar tata kuwa ko suna ba su ba ta ba.

Akwai inda kalmar Larabci da ta Latin suka yi kiciɓis, kuma mutumin da ya haɗa su ba baƙo ba ne a tarihinmu. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa suka sani da Leo Africanus, shi ne ya rubuta labarin Agadas da Gobir da Kano da Katsina a littafinsa na bayanin Afirka da aka buga a 1550. A cikin littafin nan ya ba da labarin wasu mata masu duba a birnin Fas, masu cewa suna hulɗa da aljanu, waɗanda mutanen gari suke kira da sunan da ya fito daga sihaƙ, aka fassara wa Turawa shi da fricatrices. Likitocin Turai suka karɓe labarin hannu bibbiyu. A daidai lokacin ne masu fiɗar gawa na Italiya, Kolombo a 1559 da Fallopiyo bayansa kaɗan, suke takarar wane ne ya "gano" ɗan tsakan mace, abin da kowace ungozoma ta sani tun kafin a haifi kakanninsu. Daga nan aka ƙulla wata tatsuniya mai rigar ilimi: wai matan da ke wannan aiki gaɓar nan tasu ce ta zarce ƙima, wai kuma a ƙasashe masu zafi irin Masar da Afirka aka fi samun haka. Wato a idon Bature na ƙarni na 16 da na 17, mu ne muka ƙirƙiro abin.

Wannan tunani ya kai har gaban alƙali. A birnin Edinbara na Sikotlan, a 1810, wasu malamai mata biyu, Marianne Woods da Jane Pirie, suna riƙe da makarantar kwana ta ƴan mata. Wata ɗaliba, wadda aka haifa a Indiya kuma mahaifiyarta Ba'indiya ce, ta gaya wa kakarta, wata mai faɗa a ji a garin, cewa malaman suna wani abu da dare. Cikin ƴan kwanaki iyaye suka kwashe ƴaƴansu kaf, makaranta ta mutu. Malaman suka kai ƙarar ɓata suna. Cikin alƙalan akwai wanda ya tsaya kan cewa irin wannan abu ba a san shi tsakanin matan Birtaniya ba, yarinyar ce ta kwaso labarinsa daga Indiya. Shari'a ta yi ta jan ƙafa har 1819 kafin a tabbatar wa malaman gaskiya, a lokacin sana'arsu ta riga ta zama tarihi. Duk sa'ad da na ji wani a fada yana rantsuwa cewa Turawa ne suka kawo mana maɗigo ta talabijin, alƙalin nan nake tunawa. Laifi tudu ne, kowa ya take nasa ya hango na wani.

To, ina lezbiyan ta shigo? Lesbos tsibiri ne na Girka, dab da gaɓar Turkiyya. Can aka yi wata mawaƙiya, Safo, wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa, wadda akasarin waƙoƙinta suka ɓace sai guntaye, kuma cikin guntayen akwai na bege da yabon mata. Amma su tsofaffin Girkawa in sun ƙera aikatau daga sunan tsibirin, wani aikin batsa dabam suke nufi, na mace da namiji. An daɗe ƙwarai kafin sunan ya koma ma'anarsa ta yau. Marubucin Faransa Brantôme, wanda ya mutu a 1614, ya yi amfani da shi haka, amma tribade, wato tribas ɗin nan ta Girkawa, ita ce ta ci gaba da riƙe kasuwa a Faransanci da Ingilishi har ƙarni na 19. Duk wanda ya zauna ajin adabi a lise, wato babbar sakandare, ya ji sunan Baudelaire, mawaƙin Faransa. Kundin waƙoƙinsa na 1857 da farko an yi tallarsa da sunan Les Lesbiennes, kuma cikin waƙoƙi shida da kotu ta hana bugawa akwai mai suna Lesbos.

A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 ne babban juyi ya auku. A 1869 wani marubuci, Kertbeny, ya fitar da kalmar homoseksuwal, wato mai sha'awar jinsinsa, a rubuce. A 1886 likitan ƙwaƙwalwa Krafft-Ebing ya buga littafinsa da ya jera halayen jima'i kamar yadda ake jera cututtuka. Daga nan tambaya ta tashi daga "me ta yi?" ta koma "wace iri ce?" Kalmar da ke nufin gogawa ba za ta iya ɗaukar wannan kaya ba, don mace tana iya kasancewa "irin" nan ko ba ta taɓa kowa ba. Sai sunan tsibiri ya gaji gidan, ita kuwa tsohuwar kalmar ta tsuke ta koma sunan aiki guda ɗaya tak cikin abin da ake yi. Da farko likitoci ne suka riƙe sabon sunan a matsayin sunan cuta. A ƙarni na 20 matan da ake kira da shi a Turai da Amurka suka karɓe shi suka mai da shi tuta, kuma a 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire abin daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa. Su ma Larabawan yau sun ƙera sabuwa, misliyya, daga kalmar misali, wato mai son irinta, kuma wadda mutum ya zaɓa tsakaninta da sihaƙ ko shuzuz, wato bauɗewa, takan nuna ɓangaren da yake.

Abu biyu na gefe, don suna nuna nauyin suna. A 1921 an kawo wa majalisar dattawan Ingila ƙudurin hukunta wannan aiki tsakanin mata, suka ƙi, hujjarsu kuwa ita ce rubuta shi a doka zai sanar da matan da ba su taɓa jin labarinsa ba. A 2008 kuma wasu ƴan asalin Lesbos su uku suka kai ƙara a Atina suna neman a hana wata ƙungiya amfani da sunan tsibirinsu, don ƴan'uwansu mata sun kasa faɗin garinsu ba tare da an yi murmushi ba. Kotu ta kori ƙarar.

Yanzu mu dawo gida. Kalmar luwaɗi aro ce, kowa ya san daga sunan Annabi Luɗu Larabawa suka ƙera ta, mu kuma muka karɓa ta hanyar malamai. Maɗigo fa? Ba ta yi kama da sihaƙ ba, ba ta yi kama da wata kalmar Faransanci ko Ingilishi ba. Tana cikin tsofaffin ƙamusoshin Hausa da aka tattara zamanin Turawan mulki, tun babu talabijin balle intanet, kuma ma'anar da suka rubuta mata ta farko ba aikin ba ce, wani abu ne da ake ƙerawa da siffar gaban namiji. Wato mu ba ta gogawa muka shiga ba, ta kayan aiki muka shiga. Sannu a hankali sunan abin ya koma sunan aikin, har yau da wuya ka sami matashin da ya san ma'anar farko. Akwai kuma kalmar kifi, wani sunan na maɗigo, wadda ta fi yawo a bakin ƴan duniya, irin maganar da ake yi a gaban mutum ba tare da ya gane ba. Harshe ba ya raɗa suna ga abin da babu. Wanda ke ƙin abin yana da hujjarsa a addini, ba ya bukatar ƙarin ƙarya cewa kakanninmu ba su san shi ba.

Abin da ya zo daga waje da gaske shi ne sabon nauyin da aka ɗora wa kalmar. Bayan jihohin arewacin Najeriya sun fara kafa dokokin shari'a daga Zamfara a 1999 da 2000, sihaƙ ta fito daga littafin zaure ta shiga kundin hukunci na gwamnati. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi ɗaya. Mu a Damagaram rediyon Kano da finafinan Kano da labaran Kano kamar na bayan gida suke, don haka duk kalmar da aka yi yayi can, kafin sati ta iso kasuwar Dole. Ƴan jarida suna neman abin da za su faɗa a iska ba tare da kunya ba, sai suka ƙera "auren jinsi" da "neman jinsi", suka ma yar da "ɗaya" ɗin da ke ba wa maganar ma'ana, kowa kuma ya gane. Ta ɓangaren lakwal da wayar hannu kuma lezbiyan ta shigo, ƴan mata suka gutsure ta zuwa lez.

Sai ƙaramar kalmar nan, ƴan. A Hausa in ka sa ta gaban suna ka kafa jama'a: ƴan kasuwa, ƴan dambe, ƴan tauri, ƴan bori. Da aka fara cewa ƴan maɗigo a wa'azi da rediyo, hoton da ke zuwa wa mai saurare na ƙungiya ne, mai shugabanni da hanyar shiga da asiri. Daga nan labarai suke tsirowa, na hajiyoyi masu kuɗi da ke farautar ƴan mata, na cewa don tsafi ake yi ko neman duniya. Ban ce ba a taɓa yaudarar yarinya da kuɗi ba, ana yi, kuma babba ta yi amfani da talaucin ƙarama zalunci ne ko wane suna aka ba shi. Amma haɗa abin da aljanu da asiri tsohuwar waƙa ce, ita Hasan al-Wazzan ya rera kan matan Fas shekara kusan 500 da suka wuce. Abin dariyar shi ne masu wa'azin da ke yaƙi da tunanin Turawa sun karɓi ginshiƙinsa ba su sani ba. Shehu Halil aiki ya hukunta. Krafft-Ebing ne ya ce iri ne na mutane.

Kuma a nan ne nake ganin ɓarnar. In abu aiki ne, sai an gani ko an yi iƙirari kafin a yi magana. In kuwa iri ne, alamu ake nema: tafiyarta, muryarta, ƙin samari, yawan kiran waya, wace ce take kwana gidan wa. Alamun nan kuwa su ne rayuwar matan Hausa tun fil azal. Mu ne masu ƙawa da aminiya, masu uwar ɗaki da ƴar ɗaki, masu ƙanwar rana. Mu ne ake yi wa kitso kai bisa cinyar makitsiya tun hantsi har la'asar. Ƙawayen amarya su kwana ɗaki ɗaya kan tabarma ɗaya, a ƙunsa wa juna lalle, a cuɗa wa juna baya. A gidan kulle, inda mace ba ta ganin namiji sai mijinta da muharramanta, wa take da shi in ba ƴar'uwarta mace ba? Addini ya riga ya shata iyaka a nan: hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Sa'id al-Khudri ya hana mace kallon al'aurar mace, ya hana su haɗa jiki cikin mayafi ɗaya. Iyaka ce a sarari, ba ta hana ƙawance ba. Alƙur'anin da ya yi tanadin bulala tamanin ga mai jifan mace kamila da zina ba tare da shaidu huɗu ba, shi ne kuma a Suratul Hujurati ya hana jifan juna da miyagun laƙabi da yawan zato. Yau kuwa yarinya ta ɗora hotonta da ƙawarta a Facebook ko TikTok, kafin magariba an yanke mata hukunci a ƙarƙashin hoton.

Da maƙwabciyata ta dawo bayan kwana biyu na yi mata wannan bayani a taƙaice, ban kai ta Edinbara ba. Ta saurara har na gama, ta ce, "To ni dai, Malama, ƴata ba ta yi komai ba, kuma ba ita ce komai ba." Washegari ta ɗauki mayafi ta raka ta har wurin ɗinkin, ta sami mai shagon ta yi magana da ita a gaban kowa, aka ba da haƙuri, aka ce wasa ne. Yarinyar ta koma bakin kekenta. Ƙawar tata ma tana zuwa, sai dai yanzu ta bayan masallaci take zagayawa ita kaɗai, kuma kowace da kwanonta take tafiya.